Ahmed Musa da Sana'ar Ƙwallo

Kafin shekarar 1990, a hukumance babu mai sana'ar ƙwallo a Najeriya. Akwai gwanaye, akwai waɗanda gari ke fita kallonsu, amma in ka duba takardar albashinsu sai ka tarar wannan akawu ne a Reluwe, wancan ɗan sanda, wancan kuma ma'aikacin tashar jirgin ruwa. Ma'aikata ce ke ɗaukar gwani, ta ba shi tebur da kujera don cika ƙa'ida, da yamma ya sa mata riga ya shiga fili. Shi ya sa sunayen ƙungiyoyin farko na ma'aikatu ne: Railway, Marine, Police, PWD.

A 1945, shekarar da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, Gwamna Arthur Richards ya sa kofin da aka riƙa kira Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale. A 1949 aka zaɓi 'yan wasa 18 aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Ingila. Wasansu na farko da Marine Crosby ne, suka ci 5 da 2, yawancinsu ba takalmi, sai ƙyalle da suka naɗe ƙafa da shi. A cikinsu akwai Teslim Balogun, wanda ake yi wa laƙabi da Thunder saboda ƙarfin bugunsa. Ɗan Legas ne, amma ya buga wa Jos, kuma a 1955 ya koma Ingila ya sa hannu a Peterborough United, daga baya ya buga wa Queens Park Rangers. Yana cikin waɗanda suka fara nuna wa 'yan ƙasar nan cewa ana iya cin abinci da ƙafa. Kano ma ba ta zauna kallo ba. A 1953 ta doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, ta zama ta farko da ta fitar da kofin daga Legas. Da aka kafa gasar ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta fara ɗauka, Raccah Rovers ta Kano kuma ta ɗauka a 1978.

A 1990 aka buɗe gasar ƙwararru, inda ɗan wasa zai sa hannu a kwantaragi a biya shi don ƙwallo kaɗai. A shekarar aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars. WRECA ɗin nan dai ita ce hukumar da mutanen Gwarzo da Kabo a jihar Kano suka fi sani da aikin madatsun ruwa da famfo. Ashe har da ƙwallo tana taɓawa. Shekara biyu bayan haka aka haifi wanda wannan rubutu zai bi sawunsa.

Daga Jos zuwa Ƙofar Mata

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa, 'yar asalin jihar Edo, ita ta riƙe gidan. Jos gari ne da haƙar kuza ta tara wa jama'a daga ko'ina, ga sanyi da ke barin yaro ya wuni yana gudu bai galabaita ba, don haka ba abin mamaki ba ne da ta yi ta fitar da 'yan ƙwallo. Mikel Obi ma can ya tashi. Musa ya fara a makarantar koyon ƙwallo ta GBS, aka ba da shi aro ga JUTH, ƙungiyar asibitin koyarwa na jami'ar Jos, sannan a 2009 ya sauka Kano.

Pillars ɗin da ya tarar ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Ta ci gasar ƙasa a 2008, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Tun 2003 babu baƙon da ya zo Kano ya ci ta a gasar ƙasa, kuma sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan lago. Duk wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar wasa ya san yadda wurin ke ɗauka in aka ce "Sai Masu Gida!" A gaban wannan taro, yaro ɗan shekara 17, siriri, gajere, ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010. Kafin shi, 17 ce ƙololuwa, wadda Ishaya Jatau ya ci tun 1990. Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba.

Me yake da shi? Gudu. Yana da bugu mai kyau da ƙafar dama, yana da sanyin zuciya in ya haɗu da gola, amma jarinsa na gaske gudu ne. In aka jefa ƙwallo bayan 'yan baya, shi da su suka tashi tare, to sai dai su bi shi da kallo. Mai karatu ya riƙe wannan, domin kusan duk abin da ya same shi daga baya, daɗi da akasinsa, daga nan ya taso: mai gudu fili yake so. In an ba shi fili ya yi ɓarna, in an toshe ya zama kamar kowa.

Yadda ake sayar da ɗan wasa

A gidajen kallo na Kabo da Gwarzo za ka ji matasa na cewa an sayi wane fam miliyan kaza, wasu na ɗauka kuɗin aljihunsa suke shiga. Ba haka ba ne. Abin da ake saye shi ne ragowar kwantaraginsa. Ɗan wasa ya sa hannu zai yi wa ƙungiya aiki shekara huɗu ko biyar. In wata tana son sa kafin wa'adin ya cika, sai ta biya mai shi ta sake shi. Kuɗin na ƙungiyar da ta sayar ne. Shi abin da ke nasa albashi ne, da kuɗin sa hannu, da ladan cin wasa, dillalinsa kuma ya yanki la'adarsa. In kwantaragi ya ƙare, ɗan wasa ya tafi inda ya ga dama ba a biya kowa sisi ba. In kuma ƙungiya na da shi amma ba ta da wurin sa shi, sai ta ba da shi aro na wata shida ko shekara. Cinikin ma ba kullum ake yinsa ba: a Turai kasuwa sau biyu take buɗewa, a watan Janairu da kuma tsakiyar shekara.

Akwai ƙa'idoji biyu na hukumar FIFA da ya kamata duk mai riƙe da ƙungiyar yara ya sani. Ta farko, ba a fitar da yaro zuwa wata ƙasa sai ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai. Wannan ta shafi Musa kai tsaye: VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta gama cinikinsa a tsakiyar 2010, amma dole ta jira Oktoba kafin ya taka mata leda. Ta biyu, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Sai dai rabon na waɗanda sunansu ke rubuce ne. Kocin ƙauye da ya shekara biyar yana saya wa yaro takalmin gwanjo, yana biya masa kuɗin mota zuwa gasa a Kano, in ƙungiyarsa ba ta da rajista da hukumar ƙwallo, in ba a taɓa rubuta yaron a matsayin ɗan wasanta ba, ko a biliyan aka sayar da shi ba shi da ko kwabo. A ganina wannan takarda ta fi sabuwar riga amfani ga ƙungiyar ƙauye irin ta Masanawa ko ta Garo, amma riga ce ake fara roƙon 'yan siyasa.

Holan ta daɗe tana zama ƙofar 'yan Arewa zuwa Turai. Tijjani Babangida na Kaduna ya bi ta Roda JC da ita wannan VVV ɗin kafin ya kai Ajax a 1996. Garba Lawal ya daɗe a Roda. Sani Kaita, haifaffen Kano, daga Pillars ya tafi Sparta Rotterdam a 2005. Ƙananan ƙungiyoyin can ba su iya gogayya da manya wajen kuɗi, don haka sana'arsu ita ce su ɗauko yaro da araha, su goge shi, su sayar da riba. VVV na fama ne kada ta faɗa rukuni na biyu lokacin da Musa ya je. Ranar 1 ga Mayu, 2011 ya zura wa Feyenoord biyu aka tashi 3 da 2, ƙungiyar kuma ta tsira a kakar. Ko shekara ɗaya da rabi bai cika ba, a Janairun 2012, CSKA ta Mosko ta saye shi.

Mosko da Leicester

Shekarunsa na Rasha su ne ƙashin bayan sana'arsa, ko da yake su aka fi mantawa da su a gida, don gidajen kallo ba su cika nuna gasar Rasha ba. Ƙasa ce mai sanyin da ake dakatar da gasa daga Disamba har Maris. Ba sanyin kaɗai baƙar fata ke haƙuri da shi ba: a Oktoban 2013 hukumar ƙwallon Turai ta hukunta ita kanta CSKA saboda ihun wariyar launi da wasu magoya bayanta suka yi wa Yaya Toure na Manchester City, alhali Musa da Seydou Doumbia na sanye da rigarta. Duk da haka ya zauna shekara huɗu da rabi a hannun koci ɗaya, Leonid Slutsky, wanda ya san abin da zai yi da shi. Sun ci gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016, da kofin ƙasar a 2013. Da Doumbia ya tafi, aka dawo da Musa daga gefe zuwa tsakiyar gaba, ya ci 13 a kakarsa ta ƙarshe.

A Yulin 2016 Leicester City, wadda ta girgiza duniya da ɗaukar gasar Firimiya wata biyu kafin nan, ta saye shi fam miliyan 16.6, wajen naira biliyan 6 a canjin lokacin. Ba ta taɓa sayen ɗan wasa da tsada haka ba. A wasan sada zumunta da Barcelona a Stockholm ya zura biyu, ɗaya ma daga tsakiyar fili ya ɗauko ta, aka ce ai Ingila ta shiga uku. Da aka fara gasa sai labari ya sha bamban. Wasa 21 ya buga a Firimiya, ƙwallo biyu ya ci, ɗaya a ragar Crystal Palace, ɗaya a ta Tottenham, sai biyu da ya zura wa Everton a kofin FA.

Masu cewa ya gaza sun gajarta zancen. Leicester ta ci gasa ne da salon jira: ta bar wa abokin karawa ƙwallo, in ta ƙwace ta cilla wa Jamie Vardy ya tsere. To ga Vardy nan daram, kuma aikin da Musa ya iya shi ne aikin Vardy. An sayo mutum ne a kujerar da ke da mai ita. Kafin kasuwa ta rufe kuma aka ƙaro Islam Slimani da kuɗin da ya fi nasa. N'Golo Kante, mai ƙwato ƙwallon da ake cillawa, ya koma Chelsea. Sauran ƙungiyoyi sun farga, sun daina matsowa gaba su bar fili a bayansu. Sai aka tura Musa gefe, inda ake son ya dawo ya taya tsaro, ya yi kokawa da ƙarti a wuri matsattse, wanda ba nan ƙarfinsa yake ba. A Fabrairun 2017 aka sallami Claudio Ranieri, kocin da ya kawo shi. Ɗan wasan da wanda ya kawo shi ya tafi, in bai riga ya kafu ba, benci ne makomarsa. A rabin farko na kaka ta biyu ko minti ɗaya bai buga a Firimiya ba. A Janairun 2018 ya koma CSKA aro, don kada gasar cin kofin duniya ta zo ta same shi a zaune.

Ƙwallaye huɗu

Ya fara buga wa Super Eagles a 2010 yana ɗan shekara 17, yana cikin tawagar koci Stephen Keshi da ta ɗauko kofin Afirka a 2013, har ya ci ɗaya a wasan da aka lallasa Mali 4 da 1. Amma ranaku biyu ne suka sa sunansa a bakin wanda ma bai damu da ƙwallo ba.

Ta farko 25 ga Yuni, 2014, a Porto Alegre ta Barazil. Messi ya ci a minti na 3. Kafin 'yan Ajantina su gama murna, a minti na 4, Musa ya karɓa a hagu, ya lanƙwaso ciki, ya nannaɗa ta da dama can kusurwar nesa. Messi ya ƙara da bugun tazara daf da hutun rabin lokaci; ana dawowa, a minti na 47, Musa ya sake farkewa. An tashi 3 da 2, Ajantina ce da nasara, amma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ci biyu a wasa ɗaya a gasar duniya.

Ta biyu Juma'a ce, 22 ga Yuni, 2018, mako guda cif bayan ƙaramar salla. Ƙarfe huɗu na yamma agogon Najeriya aka take wasa da Aisland a Volgograd, lokacin da manomi ya baro gona, ya yi la'asar, ya biya kuɗin benci a gidan kallo, janareta na ruri a bayan zana. Kuroshiya ta riga ta ci Najeriya, kuma a wancan wasan ba da Musa aka fara ba. A wasan Aisland koci Gernot Rohr ya sauya tsari ya sa shi gaba tare da Kelechi Iheanacho. Rabin farko ba abin a zo a gani. A minti na 49 'yan Aisland suka taru a gidan Najeriya, ƙwallo ta kuɓuce musu, Victor Moses ya zabga gudu ta dama ya ɗago ta. Ta zo masa a karkace, sama da ƙugu. Musa ya miƙa ƙafar dama ya tare ta a iska, ta faɗi ta yi tsalle ɗaya, ya ɗirka ta saman raga. A minti na 75 Kenneth Omeruo ya cilla doguwa ta hagu. Musa ya wuce Kari Arnason da gudu, ya shigo, gola Hannes Halldorsson ya fito ya zube, ya kewaye shi. Nan ne mai gaggawa kan ɓarar. Shi sai ya tsaya, ya ɗaga kai, ya ga 'yan baya biyu sun koma kan layi, ya zaɓi inda ba su, ya buga.

Duk ƙwallayen nan huɗu iri ɗaya ne: abokin karawa ya matso, ya bar fili, an jefa wa mai gudu. Abin da Leicester ta kasa ba shi a shekara ɗaya da rabi, Aisland ta ba shi a rabin sa'a. Har yau babu ɗan Najeriya da ya kai shi cin ƙwallo a gasar duniya. A 2021 ya wuce wasa 101 na Joseph Yobo da Vincent Enyeama, ya zama wanda ya fi kowa buga wa ƙasar wasa, kuma sai a Disambar 2025 ya sanar da ajiye rigar.

Komawa gida

Mutumin Kabo ko Gwarzo ba ya buƙatar dogon bayani kan irin wannan rayuwa, don ya san ci-rani: a bar gida a tafi inda kuɗi yake, a jure baƙunta da abincin da ba a saba ba, a turo na cefane, a dawo da abin da za a kafa wani abu. Bambancin shi ne ɗan ci-rani in bana ba ta yi ba yana da baɗi. Ɗan ƙwallo raninsa guda ne, shekara goma sha biyar in ya yi tsawon rai, kuma jijiyar gwiwa ɗaya in ta tsinke ta isa ta rufe shi. Daniel Amokachi bai kai 30 ba ciwon gwiwa ya gama da ƙwallonsa. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar duniya a 1994, ya rasu a 2012 yana da shekara 48, bayan shekaru na kaɗaici a Ibadan. Ga mai dogaro da gudu kuwa wa'adin ya fi gajarta, don gudu ne ke fara tafiya.

Musa ya yi wannan lissafi da wuri. Tun 2017, yana ɗan shekara 24, ya buɗe cibiyar wasanni da motsa jiki a Hotoro cikin Kano, ya buɗe gidan mai, daga baya ya gina wata cibiyar a Kaduna. Bayan gasar duniya ta 2018, lokacin da farashinsa ya sake tashi, ya tafi Al Nassr ta Saudiyya. Wasu sun ce ya yi saurin barin Turai yana ɗan shekara 25. Ta fuskar ƙwallo suna da hujja. Ta fuskar sana'a, ya sayar ne ranar da kasuwa ta yi kyau. Ya ci gasar Saudiyya a 2019, suka rabu a 2020. Sauran tafiyar gajeru ne: 'yan watanni a Pillars a 2021, sai Fatih Karagumruk da Sivasspor a Turkiyya.

A Oktoban 2024 ya dawo Pillars da zama, ya zura wa Sunshine Stars biyu a wasansa na farko. Ƙungiyar da ya tarar ta sha wuya: bayan kofunan 2012 da 2013 da 2014, da Kofin Ƙalubale na 2019, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta hauro a 2023. Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, yana nan yana bugawa ya haura shekara 40, mutumin da ya yi kusan duk sana'arsa a gida. Ganin su biyun a fili ɗaya ya jawo 'yan kallo, a Kano da duk garin da suka je. Gasar da ake tafiya wasa a mota, kwana a hanya, ba kasafai take ganin wanda ya buga gasar zakarun Turai ya dawo da ƙafarsa ba.

A Yulin 2025 gwamnatin jihar Kano, mai ƙungiyar, ta naɗa shi babban manaja, alhali bai daina bugawa ba. Tsari ne mai wuyar sha'ani: a ofis yana sama da koci, a fili koci ne zai ce ya shiga ko ya zauna. Ba a jima ba kujerar ta nuna masa nauyinta. A watan Oktoba, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa a Ƙofar Mata aka tashi kunnen doki, wasu 'yan kallo suka tsallaka fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Musa ne ya fito ya ba da haƙuri da sunan ƙungiya. Hukumar gasar ta zabtare wa Pillars maki uku, ta ci ta tarar miliyoyin naira, ta rufe filin, ta mayar da wasanninta na gida filin Muhammadu Dikko da ke Katsina. A makonnin da suka biyo baya, ɗan Masanawa mai son ganin Masu Gida a gida sai dai ya bar hanyar Rimin Gado, ya bi ta Dayi ya nufi Katsina.